Sabuwar Ƙwaƙwalwa a Tsohuwar Kwamfuta

Kwamfutar a cikin durom ta zo, tsakanin gwangwanayen tumatir da tsofaffin takalma. Yayana da ke Jamus ne ya aiko ta, tare da saƙon murya cewa kada in raina ta, a ofis ta yi aiki. Da na ɗaga ta sai da na sake riƙo. Baƙa ce, mai kauri, nauyi kamar dutsen niƙa. Haruffanta ma na Jamusawa ne, wasu ba su zauna inda na san su ba. Ko a jikina. Na rungume ta na zagaya tsakar gida ina ihu, har matar da ke haya a ɗakin ƙarshe ta leƙo tana tambaya ko biza na samu.

Lokacin na gama sakandare, ina zaune a gidanmu na Nima, a birnin Accra, ba aikin komai. Mma, mahaifiyata, atamfa da leshi take sayarwa a kasuwar Makola, kuma tun ranar da na ajiye yunifom take so in bi ta shago. Ni kuwa na tsani shagon nan. Ka buɗe wa mace turmi bayan turmi, ta shafa wannan, ta ɗaga wancan a rana, ta ce za ta dawo. Ba ni da wannan haƙurin, kuma duk gidanmu an sani. Bidiyo nake so. Tun ina makaranta nake ɗaukar bikin sunan maƙwabta da waya, in yanyanka, in sa kiɗa, in tura musu su yi ta murna.

Mma ta kalli kwamfutar ta kalle ni.

"Wannan akwatin naki, aiki zai kawo ko kallo?"

"Aiki, Mma."

"To. Aiki ɗaya. Ki karɓa, ki yi, ki gama, mutane su gani da idonsu. In ya gagare ki, akwai kujera a Makola tana jiran ki, kuma ba na son jin wata magana."

Na ce na yarda, tun kafin ta rufe baki.

Aikin bai daɗe ba ya zo. Gwaggo, yayar babana da ke Maamobi, za ta aurar da autarta. Gwaggo ba ƙaramar mace ba ce, ita ce magajiyar ƙungiyar matan layinsu, kuma ba bikin da ake yi daga Nima zuwa Ashaiman ba ta je ba. Duk wanda ta taɓa yi wa biki zai zo ya rama. Mai bidiyon da aka saba kira kuwa ta sallame shi. A auren baya ya ga bidiyon ya yi tsawo, sai ya rage, ya yanke wata Hajiya daidai lokacin da ta fito liƙi. Hajiyar ta rantse Gwaggo ce ta sa a cire ta. Sai da manya suka shiga tsakani kafin suka koma gaisawa.

Na je na same ta tana tsince shinkafa a faranti.

"Gwaggo, ki ba ni bidiyon."

"Ke? Da wane kaya?"

"Kwamfuta ta zo mini daga Jamus. Kyamara zan ara."

Jamus ɗin ce ta yi aiki, na gani a fuskarta. Ta ajiye farantin ta nuna ni da yatsa.

"Ki saurare ni, 'yar nan. Ba a yanke kowa. Kin ji? Ko tari mace ta yi a gaban kyamara, ki bar mini tarin. Wadda ta ɗinka yayi ta hau mota ta zo, dole ta ga kanta."

Yayi shi ne abin da mutanen Najeriya ke ce wa anko. A wurinmu kowace ƙungiya da nata, kuma kowace ƙungiya sai an kira ta da sunanta ta fito fili ta yi rawa zuwa gaban amarya, ta yi liƙi, ta koma. Wannan fitar ita ce bikin. Don ita ake bin tela, don ita ake ɗaurin ɗankwalin da ba ya shiga trotro, motar hayarmu, sai an sunkuya.

Ranar bikin an tare layi da rumfuna tun daga bakin gwata har kusa da masallaci. Kujerun roba, manyan sifiku, mai sanarwa yana zuba Hausa yana haɗawa da Turanci da Twi. Ni kuma ina tsakiya, kyamarar aro a wuya, waya a hannu. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na hau benci, na hau kan kwandon lemo, na durƙusa a ƙasa don in kamo takalma. 'Yan Makola suka fito cikin shuɗi, ƙawayen amarya cikin ruwan zuma, matan makarantar islamiyya cikin fari da kore suna tafiya a hankali kamar ba su so, alhali su suka fi kowa daɗewa a fili. Sai matan Kanda da leshinsu da tabarau, sai dangin ango, sai mutanen Ashaiman, sai danginmu na Kumasi da suka cika bas guda. Ko'ina ana ja na.

"Ke mai hoto, nan!"

"Chale, ƙawata, kin ɗauki sarƙata kuwa? Matso!"

"Sake, sake, na rufe ido."

"Hajiya, bidiyo ne, ba a sakewa."

"To ɗauki wani!"

Na ɗauka. Ban bar kowa ba. Na koma gida ƙafafuna sun kumbura, murya ta dushe, ina ta dariya ni kaɗai. Gwaggo ta aiko cewa ranar taron ƙungiya na gaba, Lahadi, a falonta za a kalla, kuma ta riga ta gaya wa kowa.

A nan kwamfutar ta fara nuna mini halinta. Da na zuba mata duk abin da na ɗauka, sai ta zama kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. In danna, ta yi tunani. In ja hoto gaba, murya ta wuce ta bar bakin mai maganar a baya. Na daure, ni da ba na daurewa, na jera komai daga wankan amarya har kai ta ɗaki, na sa rubutu, na gyara haske. Bidiyon ya yi tsawon da mutum zai fara kallo bayan azahar ya kai isha'i bai gama ba.

Saura abin da masu wannan aiki ke kira renda. Bayan ka gama jerawa, sai kwamfuta ta bi aikin daga farko zuwa ƙarshe ta haɗe shi ya zama fim guda da za a iya sa wa a talabijin. Kai ba abin da za ka yi sai kallon wani siririn layi yana cika. Na danna. Layin ya motsa kamar bai motsa ba. Na yi wanki na dawo, na yi shara na dawo, yana nan kusa da inda na bar shi. Wuni guda bai kai ko'ina ba, sai aka ɗauke wuta, batirin da ya tsufa tun a Jamus ya ɗan riƙe ya saki. Komai ya koma farko. Washegari haka.

Na shiga bincike a waya. Na gano inda ake duba abin da ke wahalar da kwamfuta, na buɗe, na ga wani abu wai shi furosesa ya cika maƙil, ba sauran wuri. Shi ne ƙwaƙwalwar, shi ke yin lissafin duka. To ai magana ta ƙare. Ƙwaƙwalwa ta yi kaɗan, a sa babba. Na kwashe abin da Gwaggo ta ba ni na somin aiki, na naɗe kwamfutar a zani na cusa a jakar makaranta, na tari trotro zuwa Sakul.

Wanda bai san Sakul ba, nan ne duk wata waya da kwamfuta ta Accra ke zuwa mutuwa ko tashi. Kafin ka sauka an riƙe maka hannu, wannan yana cewa zai saya, wancan yana cewa zai sayar. Na ture su na shiga lungun da wata ƙawata ta kwatanta mini, shagon wani ɗan Maraɗi. Shagon bai fi faɗin tabarma ba, gawarwakin kwamfuta jere har rufi. Mutumin na zaune da ƙaramin sukundireba a bayan kunne kamar biro.

"Furosesa nake so ka canja mini. Mafi ƙarfi."

"Sannu da zuwa dai tukuna."

"Sannu. Furosesa."

Ya yi dariya. "Ku 'yan Nima, gaisuwarku kamar ana koro ku. Kawo mu gani, ƙanwata."

Ya juya kwamfutar, ya karanta lambar da ke ƙasa, ya ɗaga gira.

"Kin yi sa'a da tsufanta. Waɗannan sirara na yanzu, ƙwaƙwalwar a manne take da allon ciki, ba ta fita. Ko uban wa ya ce zai canja miki, ƙarya yake. Taki irin ta da ce, ana kwancewa."

Na buga tebur don murna har wani linzamin kwamfuta ya faɗo.

"Tsaya mana. Ba kowace za ta shiga ba, sai 'yar zamaninta. Yayarta za ki samu, ba jikarta ba. Za ta fi wannan, amma ba za ta tashi sama ba. Ni da kuɗina ne, ram zan ƙara, wato teburin da take baza aiki a kai, in canja mata ma'ajiya, in sa irin sabuwar nan marar faifai. Nan take za ki ji bambanci."

"Zai sa renda ya yi sauri?"

Ya ɗan sosa gemu. "Buɗewa da rufewa za su yi sauri. Jan hoto zai yi sauƙi. Renda kam, gaskiya, aikin ƙwaƙwalwa ne."

"To me muke jira, Malam?"

"Zafi. Babbar tana cin wuta, tana fitar da zafi, fankar cikin kuwa don ƙarama aka yi ta."

"Za ta ɗauka ko ba za ta ɗauka ba?"

"In na share fanka na sa sabon man sanyi, in sha Allahu za ta ɗauka."

"In sha Allahun gaske ko na 'yan kasuwa?"

"Kai! Wannan yarinya, wa zai aure ki?"

"Wanda ya iya renda."

Maƙwabcinsa mai sayar da caja ya fashe da dariya har yana riƙe bango. Kuɗina ba za su kai duka biyun ba, kuma ban ɓata lokaci wajen zaɓe ba. Ya miƙa hannu sama ya jawo wata kwamfuta mai fasasshen gilashi, ya ce wannan fuskarta ce ta mutu, kanta lafiya lau.

Ya ce in je in zaga in dawo. Na ce ba inda za ni. Na ja wani bokitin fenti na zauna, na sa kaina kusan a kafaɗarsa. Ya kwance sukurori ya jera su a murfin gwangwani, ya ɗaga bayan kwamfutata, sai ga cikinta. Ban san me na zata zan gani ba, amma ba wannan ba. Kamar ka hau bene ka leƙo gari: koren fili, tituna sirara, ƙananan gidaje a jere, wani bututun jan ƙarfe ya bi ta tsakiya ya nufi fanka. A bakin fankar ya zaro wani dunƙulen abu kamar auduga mai toka.

"Kin ga wannan? Gashin kyanwa ne. Kyanwar Jamus ta biyo ki har Accra."

Ya ɗaga bututun, ya murɗa wani ɗan sukuri rabin juyi, ya sa farce ya ɗago ta. Ƙwaƙwalwar kenan. Ba ta kai faɗin biskit ba. Ya ɗora mini a tafin hannu, na juya ta, ƙasanta cike da ƙananan allurai masu ruwan zinariya, a jere kamar an shuka su. Wannan 'yar abar ce ta hana ni barci. Wannan ce ke ɗauke da matan Kanda da na Kumasi da duk ɗankwalayensu.

"Kada ki taɓa alluran. Ɗaya ta lanƙwashe, shi ke nan."

Ya ciro ta waccan mai fasasshen gilashi ya saka, ta zauna ba tare da an danna ba. Ya ɗiga mata wani farin abu kamar man goge baki, ya mayar da komai, ya ce in yi bisimilla in kunna da hannuna. Na danna. Baƙi. Baƙi. Sai fanka ta yi ajiyar zuciya, haske ya kawo. Na yi tsalle na buga kai da wata gawar kwamfuta. Ya buɗe inda ake gani ya nuna mini sabuwar lambar, da akwatuna masu motsi da suka ninka na da. Na ce masa Allah ya kai shi Makka. Ya ce ya riga ya je, in roƙa masa wani abin.

A trotro na rungume jakar kamar jaririya. Har meti, yaron mota, na gaya wa an canja wa kwamfutata ƙwaƙwalwa. Ya ce, "Saa? Da gaske? Madalla, kawo kuɗin mota."

Kuma kwamfutar ta yi sauri. Wannan ba zan ɓoye ba. Da na danna renda, layin ya tashi yana tafiya, tafiyar da ido ke gani. Na kira Mma ta zo ta kalla. Ta tsaya da buta a hannu ta ce ita ba ta ga komai ba sai layi. Na ce ai layin ne, Mma, layin ne! Na yi rawa a tsakar ɗaki. Ya wuce wankan amarya, ya wuce 'yan Makola, ya shiga matan islamiyya.

Sai fankar ta fara kuka. Da farko kamar sauro, daga baya kamar injin niƙan markaɗe. Na taɓa gefen hagu na janye hannu. Iskar da ke fita za ta busar da kifi. Layin ya fara ja da baya a saurinsa, ya koma tafiyar da, ya ma fi ta muni. Yana isa matan Kanda, ɗif. Allon ya yi baƙi. Da wuta a gari, da komai.

Na kira ɗan Maraɗi.

"Malam, in sha Allahunka ya mutu a kan matan Kanda."

"Subhanallahi. Kashe kanta ta yi don kada ta ƙone. A kan me kika ɗora ta?"

"Tebur."

"Ɗaga ta, iska ta shiga ta ƙasa. Ki sa mata fanka. In ta ƙi, kawo in mayar miki da tsohuwar."

"Tsohuwar da ke wuni ba ta kai ko'ina ba? A'a."

Na ɗora ta a kan gwangwanayen madara huɗu. Na ɗauko fankar tsaye ta ɗakin Mma na kafa mata. Ta wuce Kanda ta mutu a dangin ango. Na je wurin matar ɗakin ƙarshe, wadda ke sayar da ruwan leda mai ƙanƙara, na kwaso na jera a faranti na tura ƙarƙashinta, ina canjawa in sun narke, ina goge raɓa da tsumma kamar mai jinyar zazzaɓi. Yaran gida suka taru a ƙofa suna kallo, na kore su. Wannan karon ta yi nisa, ta kai mutanen Kumasi, na fara jin ƙamshin nasara. Ta mutu.

Da safe, Mma tana ɗaura ɗankwali za ta fita, ta ce wa madubi, ba ni ba, wai yarinyar da ke taya ta a shago za ta koma garinsu, wuri ya samu. Lahadi kuwa tana matsowa.

Ina zaune ina harar kwamfutar sai waya ta yi ƙara. Wata Hajiya ce cikin matan Kanda, ban san wa ya ba ta lambata ba.

"Ke ce mai bidiyo? 'Yata da ke Amurka ta dame ni, tana so ta ga leshin da ta aiko a jikina. Turo mini inda muka fito."

"Hajiya, bai gamu ba."

"Ni ina ruwana da sauran? Namu kawai. Mu nawa ne? Yi sauri, kafin ta tafi aiki."

Ta kashe. Na yi tsaki. Don dai in rabu da ita na ware fitar matan Kanda kaɗai, daga inda aka kira su zuwa inda suka zauna, na danna renda, na fita sayen koko da ƙosai a bakin layi. Na dawo da leda a hannu, na leƙa. Ya gama. Fankar ta yi shiru, kwamfutar da ɗan ɗuminta kawai.

Na ajiye kokon a ƙasa. Na ware 'yan Makola, na danna. Ta yi kuka kaɗan, ta gama, ta huce. Na ware Kumasi, waɗanda suka kashe ta jiya. Ta gama. Ashe gudun tana iyawa, dogon zango ne ba ta iyawa. In ka ba ta kaya daidai kai, ka bari ta sha iska, ta sake ɗauka, ba abin da zai hana ta. Na yi wata ƙara da ta sa matar ɗakin ƙarshe ta fito da gudu ta zata wuta ce ta ja ni.

Daga baya, da na samu hali, na koma na ƙara ram ɗin na canja ma'ajiyar, kuma a aikin yau da kullum su na fi ji a hannuna. Wanda ya tambaye ni yau, ina gaya masa kai tsaye: in taka siririya ce ta zamani, manta, ba ta canjuwa. In tsohuwa ce mai kwancewa, za ka samu ƙarin sauri, amma za ka saye shi da zafi, kuma fankar ba ta san an yi mata sabon maigida ba. Ka fara duba girman kayan da kake ɗora mata. Da tsohuwar ƙwaƙwalwar ma, in da guntu-guntu na ba ta, da ta kai ni, sai dai a makare. Ni dai babbar tawa tana ciki har yanzu, kuma ba na cire ta.

Amma a ranar saura babbar matsala, wato Gwaggo. Ta ce ba a yanke kowa, ni kuma ga ni na yi wa bikinta gunduwa-gunduwa. Na ɗauki kwamfutar na taka har Maamobi, ban ma tsaya neman mota ba.

"Gwaggo, bidiyon ba ɗaya ba ne. Da yawa ne."

Ta daina taunar goro. "Me kika yanke?"

"Ko tari ban yanke ba. Rabawa na yi. Kowace ƙungiya da nata."

"Wa ya ce ki raba? Biki ɗaya na yi."

"Abincin bikin a tukunya ɗaya kika ba su? Ba kowace ƙungiya kika zuba wa a kularta ba, aka kai mata rumfarta? Wa ya ce kin rage masa?"

Na buɗe na nuna mata. Ta sa na kunna na matan islamiyya, ta matso da fuska tana ƙirga su da baki, tana kiran kowace da sunan ɗanta. Ta sa na kunna na Ashaiman. Ba wadda ta ɓace.

"To wa za a fara sakawa?" ta ce. "In kin sa wa wata lamba ɗaya, wata lamba bakwai, kin kashe ni."

Wannan ban yi tunaninsa ba. Na ce ba lamba, da launin yayi zan sa musu suna. Shuɗi, ruwan zuma, fari da kore.

"Talabijin ɗin fa, ba shi zai jera su ba?"

"Zai jera."

"To in an yi magana, ki ce shi ne. Kada ki kuskura ki ce ni."

Lahadi falon Gwaggo ya cika har baranda. Takalma a ƙofa kamar masallacin Juma'a. Wasu a kujera, wasu a ƙasa, wasu a hannun kujera, ana ta miƙa lemo ta saman kawuna. Mma ma ta zo, ta zauna can gefe da jakarta a cinya, fuskar nan ba a karanta ta. Na cusa fendirab, ɗan filashin da na zuba bidiyoyin a kai, a bayan talabijin. Sunayen suka fito a jere. Aka fara da na amarya, wannan ba gardama. Yana ƙarewa falon ya kaure.

"Shuɗi! Sa shuɗi!"

"Shuɗin me? Mu muka fara fita!"

"Ke mai hoto, me ya sa ruwan zuma yake ƙasa?"

"Talabijin ne, Hajiya."

"Talabijin ɗin ɗan Makola ne?"

Gwaggo ta ɗaga hannu ta ce baƙi tukuna, a sa na Kumasi, tunda ba sa nan balle a ce an fifita su. Aka sa. Daga nan kowa ya gane abin da ke hannunsa. Da, in mace tana son ganin kanta, sai ta zauna ta haɗiye rawar mutanen da ba ta sani ba har a zo kanta, in ta je fitsari ta dawo an wuce. Yanzu sai a ce shuɗi, shuɗi ya fito. Aka kalli shuɗi, aka sake. Wata ta ga ɗankwalinta ya karkace ta rufe fuska, aka yi mata ihu aka ce a mayar baya. Wata tsohuwa ta tashi tana maimaita rawarta a gaban talabijin, ta tare wa kowa. Hajiyar nan da aka taɓa yankewa ta ga kanta tun daga tashi har zama, ta juya ta ce wa Gwaggo, "Yanzu kika yi biki."

Sai wayoyi suka fito. Kowace tana so a zuba mata na ƙungiyarta, tunda guntu ne, waya za ta ɗauka, za a iya tura wa na Jidda da na Italiya. Na zauna a ƙasa da kwamfutar a kan gwangwanayenta, wayoyi sun kewaye ni, ana ta miƙo wasu ta kan kafaɗata, kowa na cewa tata ce farko. Gumi har cikin idona. Ban taɓa son hayaniya kamar ranar ba.

Cikin wannan ne wata mata cikin masu shuɗi ta dafa ni ta ce jikarta za a yi wa suna, tana so in zo, amma ita ma a raba mata haka, dangin uwa daban, dangin uba daban, don ba sa shiri. Na buɗe baki zan ce to, sai na ji murya daga gefe.

"Wace rana ce?"

Mma ce. Ta taso da jakarta ta ratso mutane ta tsaya a kaina.

"Asabar mai zuwa, Hajiya."

"Asabar ta yi kusa. Yarinyar nan ba ta da kyamarar kanta tukuna, sai an nemo. Kuma ba a yi mata magana a tsaye cikin taro. Ki zo gida gobe da yamma, ki same ni, mu zauna."

Matar ta ce to. Mma ta sunkuyo ta taɓa gefen kwamfutar da bayan hannu, ta janye da sauri.

"Wannan abu zai ƙone mana gida. Gwaggonku ba ta da fanka ne? Ke, matsa, ku ba ta iska."